Fatsar ƙuda a kogin tsakiyar gari: abin da na rubuta mako-mako

Asabar, 1 ga Maris

Shekara shida ina ƙetare gadar nan safe da yamma, ban taɓa leƙa ƙasa da tunanin akwai mai rai a ciki ba. A wurina babbar kwata ce kawai: bangon siminti hagu da dama, leda, tsofaffin tayoyi, ruwa kalar ƙasa. Makon jiya cunkoson motoci ya sa na sauka na taka da ƙafa, ina tsakiyar gada sai na hango wani kifi kamar tsawon hannuna ya kafa kai a laka, wutsiyarsa na kaɗawa a saman ruwa. Na fi minti ashirin a tsaye. Daga ranar na ƙudurta zan koyi fatsar ƙuda a wannan kogin, ba sai na nemi wani tsaftataccen rafi a bayan duwatsu ba.

Kayan da na haɗa: sanda mai ƙafa 9, lamba 6, gaɓa huɗu, kwarkwaron naɗe igiya, igiya mai yawo a saman ruwa, siririn zaren gaba, 'yar homa, filaya, ƙudaje goma sha biyar na saye. Na kuma karɓi takardar izinin kamun kifi kafin komai.

Bambancin wannan fatsa da wadda muka sani shi ne nauyi. A fatsar yau da kullum, dalma ko koto ne ke jan zare idan ka wurga. A nan ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, wadda ita ake kira ƙuda, ba ta da nauyin komai, igiyar ce ke ɗauke da ita. Lambar da ke jikin sanda ma daga nan ta samo asali: tun 1961 aka tsayar da ma'auni a kan nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, kuma na lamba 6 ya ɗan haura giram 10.

Burina kafin mako goma ya cika in kama kifi iri biyar: wanda ake kira bas, karfasa, tarwaɗa, wanda ake kira kaf (babban kifi mai tonon laka), da na biyar duk wanda kogin ya ba ni. Ƙuda kaɗai, babu koto. Zan danne haƙorin kowace ƙugiya da filaya, kuma duk abin da na kama zan mayar.

Lahadi, 2 ga Maris

Ban je ruwa ba. Awa biyu a kan ciyawa, na ɗaura guntun ulu a madadin ƙugiya. Igiyar tana ta ƙara kamar bulala, alamar ina dawo da sanda gaba tun igiyar ba ta gama miƙewa a baya ba. Ƙulli uku suka shiga zaren gaba. Kafaɗata ta yi tsami, wato da ƙarfi nake yi, alhali aikin na lokaci ne: ka tsayar da sanda cak a baya, ka jira, sannan ka tura.

Laraba, 5 ga Maris

Minti arba'in bayan aiki. Ulun ya fara sauka cikin da'irar da na zana daga nisan taku goma. Sau huɗu cikin goma.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na bar sanda a gida da gangan, na bi gaɓar kogin kusan kilomita biyu da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa da littafin nan. Tabarau ɗin ya sauya min kogin gaba ɗaya. Inda da nake ganin hasken rana kawai, yau na ga ƙasan ruwa, na ga hanyoyin da kifi ke bi.

Na raba wurin gida uku. Na sama shimfiɗar siminti ce, ruwa iya idon sawu, yana gudu a kan gansakuka. Na tsakiya shi ne ƙarƙashin gada, inda ruwa ya haƙe gindin ginshiƙai ya yi zurfi. Na ƙasa kuwa simintin ya ƙare, akwai laka da rairayi da ciyawa, da wata babbar kwalbati da ke zubo ruwan unguwa.

Na ɗaga duwatsu kusan ashirin don in ga me kifin ke ci. Mafi yawa jajayen tsutsotsi ne ƙanana, 'ya'yan wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Jan nasu daga sinadarin da ke riƙe iskar shaƙa ne, irin na jininmu, shi ya sa suke rayuwa a lakar da sauran ƙwari ba za su iya ba. Akwai kuma ƙananan dodon-koɗi da matsattsaku. Wannan ya nuna min rabin ƙudajen da na saya, masu fukafukai da aka yi domin ruwan sanyi mai tsafta, ba su da aiki a nan. Zafin ruwa digiri 19.

Lahadi, 9 ga Maris

Ranar farko da ƙugiya. Ban kama komai ba, na rasa ƙuda biyar. Biyu bangon da ke bayana ya fasa, ɗaya ya maƙale a shingen waya, biyu a wani buhu da ke nutse. A fili ina da sarari a baya, a nan kuwa taku uku ne tsakanina da siminti. Dole in koyi wurgin naɗi, wanda igiya ba ta zuwa baya: ka jawo ta a hankali a kan ruwa har ta rataya a gefen kafaɗa, sannan ka tura gaba ta mirgina. Na kuma lura da wayoyin lantarki kusa da gada. Sandar nan tana ɗaukar wutar lantarki, don haka na sa wa wurin alama a taswirata, ba zan ɗaga sanda a can ba.

Asabar, 15 ga Maris

Alhamdu lillahi, na farko ya samu. Bas ne mai babban baki, santimita 24, a inuwar ginshiƙi na biyu. Da baƙin Woolly Bugger na kama shi, ƙudan da Russell Blessing ya fara ɗaurawa a Pensilbeniya ta Amurka a 1967. Wutsiyarsa ta lallausan gashi ce, tana buɗewa tana rufewa a ruwa, kifi na iya ɗaukarsa matsattsaku ko ƙaramin kifi.

Na wurga sama da ginshiƙin, na ƙirga biyar ya nutse, na riƙa jan igiya da hannun hagu taƙi-taƙi. A tsakanin ja da ja, lokacin da ƙudan ke faɗuwa, na ji an fizge. Da na ɗago shi cikin homa hannuna na rawa. Koren bayansa da baƙin layin da ya bi gefensa sun yi kyau ƙwarai, ga shi daga ƙarƙashin gadar da manyan motoci ke wucewa ya fito. Ƙugiyar ta fita da yatsa biyu saboda babu haƙori. Bai yi minti ɗaya a waje ba.

Laraba, 19 ga Maris

Iska mai ƙarfi. Awa ɗaya, babu ko taɓi. Ƙuda ɗaya ya tafi.

Asabar, 22 ga Maris

Karfasa ta ba ni wahala fiye da yadda na zata. Ga su nan garke-garke a shimfiɗar sama suna kiwon gansakuka, amma duk abin da na wurga sai su buɗe masa hanya ya wuce. Abincinsu ganye ne da 'yan ƙananan halittu, babban ƙuda mai motsi tsoro yake ba su.

Na sauya zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura ƙuda a kai, daga 3X zuwa 5X, wato mafi siriri. Lissafin mai sauƙi ne: ka cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin zaren a kason dubu na inci, wato 5X kusan milimita 0.15 ke nan. Na ɗaura ƙaramar jar tsutsa a ƙugiya lamba 14, na daina ja, na bar ruwa ya tafi da ita kamar abin da ya ɓalle daga dutse. A wurgi na wajen talatin igiyar ta ɗan tsaya, na ɗaga. Karfasa ce kamar tafin hannu, amma ta juya faffaɗan jikinta a ruwa ta ja kamar ta ninka haka.

A ɓangaren ƙasa na ga ramuka zagayayyu a rairayi kamar faranti, kowanne da namiji a kai yana gadi. Sheƙarsu ce. Irin wannan karfasar uwar a baki take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Na san idan na jefa ƙuda cikin ramin zai ɗauka don ya fitar da shi, kamun zai yi sauƙi, amma ban yi ba kuma ba zan yi ba. Kifin da ke gadin gidansa ba cin abinci yake ba.

Biyu cikin biyar.

Asabar, 29 ga Maris

Yau na tsallake rijiya da baya, kuma laifina ne. Ina rubutawa dalla-dalla don kada in manta.

Na sauka ƙarƙashin gada wajen ƙarfe huɗu, na tsallaka zuwa wani tudun tsakuwa a tsakiyar kogi, ruwa iya ƙwauri. Na rataye homa da akwatin ƙudaje a jikin wani dutse. Akwai hadari can nesa ta sama, amma inda nake rana ce, ko ɗigo bai sauka ba. Abin da na fara gani shi ne ganyaye da robobi sun yawaita a saman ruwa. Na gani, ban fassara ba. Sai ruwan ya sauya daga kore zuwa kalar jar ƙasa. Sai na ji kwalbatin nan ta ƙasa tana ruri. Kafin in naɗe igiya tsakuwar da nake tsaye a kai ta nutse. Hanyar da na bi iya ƙwauri ta koma iya cinya, tana tura ni, gansakukar simintin kuma santsi kamar sabulu. Na dogara da gindin sanda, na bi a karkace ina jan ƙafa har na kama matakalar bango. Duka-duka bai fi minti goma ba. Da na waiwaya, dutsen da kayana ke kai babu shi.

A daji ƙasa tana shan ruwan sama ta sake shi a hankali. A gari kuwa rufin gidaje da kwalta da siminti ba sa shan komai, duk abin da ya zuba a unguwannin sama magudanai ne ke tattaro shi su antayo kogi lokaci guda. Ba sai an yi ruwa a kanka ba.

Asara: homa, akwati da ƙudaje tara, ma'aunin zafi. Dokokin da na ƙara: in duba hasashen yanayi na duk yankin da ke sama da kogin, in san matakalar da ta fi kusa kafin in shiga, da zarar shara ta yawaita ko launi ya sauya, in fita nan take. Kuma ba zan taɓa ruwan ba sai bayan kwana uku da ruwan sama, domin warin da ya biyo baya ya nuna ba ruwan sama kaɗai magudanan suka kawo ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Tunda ƙudaje sun tafi, na fara ɗaura nawa. Na sayi matsin riƙe ƙugiya, zare, ƙugiyoyi hamsin, ulu ja da baƙi da ruwan ƙasa, gashin tsuntsu, da sarƙar ƙananan ƙwallaye ta ƙarfe don yin idanu. Idan aka ɗaura idanun a bayan ƙugiya sai ta kife, tsininta ya kalli sama, ta daina kama shara a ƙasa. Dabarar da ke jikin ƙudan da Bob Clouser ya fito da shi a 1987 ke nan, kuma a kogi mai buhuna da tsumma kamar nawa ita ce ke raba ka da asara.

Dare huɗu, ƙuda goma sha biyu. Ina ɗaura jan ulu na tuna cewa wani marubucin Rum, Iliyan, wajen shekara ta 200 ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu su kama kifi. Abin da ke hannuna bai yi nisa da nasu ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ambaliyar ta sauya ɓangaren ƙasa. Tudun tsakuwa ya matsa, sabuwar laka ta kwanta a bakin ciyawa, kuma kaf sun taru a kai suna tono. Na ƙirga bakwai. Na kore su duka bakwai ɗaya bayan ɗaya.

Wani dattijo da ke zama a matakala da fatsar koto ya daɗe yana kallona. Na je na gaishe shi.

"Baba, sannu da hutawa. Me nake yi ba daidai ba?"

Ya dubi farar rigata ya ce, "Ɗana, kifi na ganinka, mai jar koma. Kuma tun kana saman matakala ya ji takunka."

Gaskiya ya faɗa. Kaf yana da wasu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinsa da kunnensa, shi ya sa jinsa ya fi na yawancin kifaye. Tsakuwa ta motsa a ƙarƙashin takalmi, ya ji. Igiya ta faɗi a kansa, ya tafi, kuma gudun ɗaya yana tayar da sauran. Baba ya ƙara min da cewa kada in ɓata lokaci a kan wanda ke tafiya da sauri ko wanda ke shan rana a sama, in nemi wanda kansa ke ƙasa, laka na tashi a gabansa. Ya ce shekarunsa da yawa a wurin nan, kuma da can ruwan ya fi haka muni.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kama, na rasa, na karya sanda.

Na sa riga kalar ƙasa, rana a gabana don kada inuwata ta faɗa ruwa. Na ɗauki minti goma ina matsawa taku goma sha biyar. Kifin na tono, wutsiya a sama. Na wurga ƙudan ya wuce shi kaɗan, na jawo a hankali, na sake shi ya nutse kamar taƙi ɗaya a gaban bakinsa. Ban ji komai a hannu ba. Na dai ga ya ɗan matsa, leɓensa ya zuro, sai na ja igiya da hagu. Kaf yana tsotsa ya tofar cikin ƙiftawar ido, idan ka jira ka ji fizga ka makara.

Gudun farko ya cinye igiyar duka har zaren ajiya da ke naɗe a ƙarƙashinta ya fara fita, abin da ban taɓa gani ba. Wajen minti goma sha biyu muna ja-in-ja kafin ya gaji ya kwanta a gefe kusa da ƙafata. Homa kuwa ban sayi wata ba tun ranar ambaliya, ina ta cewa sai mako mai zuwa. Na ɗaga sanda tsaye ƙiƙam don in jawo shi in kama da hannu. Nauyin duka ya koma kan siririn tsinin. Ya yi yunƙuri ɗaya, na ji ƙas, gaɓar sama ta karye, zaren ya tsinke.

Na zauna a matakala na daɗe. Abin da ya fi damuna shi ne ƙugiyar da ya tafi da ita, ko da yake marar haƙori ce, ina fatan za ta faɗi da wuri. Sabuwar gaɓa za ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sandar, kuma sai an jira mako biyu. Na yi oda. Homa ma na saya yau, babba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Babu sanda, na je da asuba kallo kawai. Kwana biyar ana zafi babu iska. Kusa da kwalbati na tarar da ƙananan kifaye sun taso suna haƙi a saman ruwa, wajen talatin kuma sun mutu a gefe. Sabon ma'aunina ya nuna digiri 27.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai: a digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi. Da rana gansakuka na samar da ita, da dare ita ma shaƙa take, ga ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta su ma suna ci. Shi ya sa asuba ce lokacin da ya fi tsanani. Amma ruwa ba ya tsami banza, abin da ke fitowa daga kwalbatin yau toka-toka ne mai kumfa. Na ɗauki hoto da lokaci, na kai rahoto ga hukumar da ke kula da ruwa. Na kwashe shara buhu biyu, har da tulin tsohon zaren fatsa da zalɓe zai iya sarƙewa a ciki.

Na yanke: ranar da kifi ke haƙi haka, ba zan sa ƙugiya ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gaɓa ta iso. Tarwaɗa ta samu, bayan faɗuwar rana, a ramin gindin ginshiƙi. Ita ba da ido take farauta ba, da gashin baki take ɗanɗano tana jin motsi, don haka na ɗaura babban baƙin ƙuda mai kauri wanda ke tura ruwa, na ja shi a ƙasa a hankali ƙwarai. Ta ɗauka kamar an rataya min dutse. Santimita 47.

Wajen cire ƙugiya ƙayar da ke fiffiken gefenta ta soke ni a gindin babban yatsa. Na fita nan da nan na wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, na sa magani. Ba na wasa da rauni a wannan ruwan, domin akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ta kafar ciwo, tana farawa da zazzaɓi da ciwon jiki. Zan sa ido a kaina mako biyu zuwa uku, in na ji wani abu in gaya wa likita inda na shiga.

Uku.

Asabar, 3 ga Mayu

Yatsa ya warke. Ina neman kaf sai wani ƙarami ya riga shi ɗaukar jar tsutsa. Na zaci ɗan kaf ne, amma babu gashin baki ko ɗaya, alhali kaf na da huɗu. Kifin ado ne, irin jan nan da ake sawa a gilashi, wanda wani ya gaji da shi ya zubar, ko kuma jikansa. Idan suka hayayyafa a kogi launin yakan koma na tagulla. Santimita 28. Ban ji daɗin ganinsa a nan ba, don ba wurinsa ba ne, amma shi ne na biyar ɗin da na bar wa kogi ya zaɓa.

Laraba, 7 ga Mayu

Wurgi uku ga kaf, biyu sun gudu, ɗaya ya bi ƙudan ya juya. Na rage nauyin idanun don ya daina faɗuwa da ƙara.

Asabar, 10 ga Mayu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ruwa digiri 23, ya ɗan washe. Na tsaya a bayan ciyawa kusan rabin awa ban wurga ba, ina kallon guda uku. Biyu na yawo. Na ukun yana tono yana matsowa sama a hankali, yana barin layin laka a bayansa. Na zaɓe shi. Zaren 3X, na gwada ƙullin sau biyu. Ƙuda ruwan ƙasa, ɗaurin hannuna, lamba 8.

Wurgi ɗaya na yi. Ya sauka a hagunsa, ya nutse, na ɗan motsa shi sau ɗaya na bari. Kifin ya juya kai, wutsiyar ta miƙe sama, na ja.

Wannan karon na riƙe sanda a karkace, lanƙwasar tana gindi. Da ya nufi ginshiƙi na kwantar da sandar gefe na juyo da kansa. Baba ya sauko daga matakala ba tare da na kira shi ba, ya karɓi homa ya ce, "Kawo kansa nan, ɗana, kada ka yi gaggawa." Ya shiga a karo na biyu. Santimita 64, ɓawon jikinsa manya kalar zinariya, kowanne da baƙin baki, leɓensa mai laushi kamar roba. A cikin ruwa na cire ƙugiyar, na riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya buga wutsiya ya zame daga hannuna.

Lissafin mako goma: fita ruwa sau goma sha uku, ƙuda ashirin da uku sun tafi, kwarkwaron zaren ƙarshe biyu, homa ɗaya, gaɓar sanda ɗaya.

Mataki na gaba: akwai wata bishiya da ta rankwafo kan ruwa a ƙasan kwalbati, 'ya'yanta sun fara nuna, kuma jiya na ga kaf biyu na jira a ƙarƙashinta suna tsotsar waɗanda suka faɗo. Zan ɗaura ƙuda mai yawo da soso kalar 'ya'yan in gwada kama shi a saman ruwa. Zan kuma ci gaba da auna zafi da ɗaukar hoton bakin kwalbatin duk Asabar, tunda har yanzu hukumar ba ta amsa ba, in sake kai musu a ƙarshen wata. Baba ya ce in zo masa da sandar ranar Laraba, yana so ya gwada wurgin naɗi.